ZAZZAƁIN DA KE ƁUYA A ƘYAUREN ZUCIYA

A ce ga wani akawu, saurayi ɗan shekara 26, wanda tun da ya girma bai taɓa kwanciya asibiti ba. Wata rana da la'asar ya taso daga ofis, ya ji jikinsa ya yi ɗumi, gaɓoɓinsa sun mutu. Ya ce ai sauro ne, ya sayi maganin zazzaɓi ya sha, ya ji dama-dama. Bayan kwana huɗu zazzaɓin ya komo. Wani abokin aikinsa ya ce wannan taifot ne, ya ba shi ragowar kafson da ya sha bara, ya haɗiya, ya sake samun sauƙi na 'yan kwanaki. Haka a ke ta fama, yau sauƙi gobe ciwo, har wata biyu. Abinci ya fita ransa, wando ya fara yi masa yawa, da dare ya kan farka ya tarad da matashinsa ya jiƙe sharkaf da gumi. A gida aka shiga zancen sammu, a ofis kuwa aka shiga raɗe-raɗin tarin fuka. Ran nan da safe ya ɗauki alƙalami zai yi rubutu, sai hannun dama ya ƙi, baki ya karkace, magana ta sarƙe.

Wannan labari misali ne na shirya, amma likitocin zuciya sun san irinsa sarai. Cutar da ke yin haka su kan kira ta endokaditis, watau ƙwayoyin cuta ne suka sami wurin zama a tantanin da ya lulluɓe cikin zuciya, musamman a bisa ƙyamarenta. Ba cuta ce mai yawa ba: a ƙasashen da a ke iya ƙidaya, a kan sami mutum 3 zuwa 10 cikin kowane dubu 100 a shekara. Amma in ba a yi mata magani ba, kusan duk wanda ta kama sai ta kai shi kabari, in kuwa aka gane ta da wuri mafi yawa su kan tashi. Abin da ke tsakanin waɗannan biyu, sau da yawa, bai wuce ɗibar jini kaɗan a kwalba a kan kari ba.

GIDA MAI ƊAKI HUƊU

Kafin mu san ɓarawo, sai mu san gidan da ya ke shiga. Zuciya tsoka ce da ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba, an raba cikinta ɗaki huɗu, biyu dama biyu hagu. Na dama su ke karɓar jinin da ya gama zaga jiki su tura shi huhu ya sha iska, na hagu su karɓo shi daga huhu su watsa shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. A bakin ƙofofin akwai ƙyamare huɗu, siraran fatu ne masu buɗewa ta waje guda kaɗai, jini ya wuce su rufe, don kada ya komo da baya. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya lura da zugazugi zai gane dabarar. Zuciya ta kan buga wajen sau 70 a minti, watau kimanin sau dubu 100 ke nan a wuni da kwana, kowane bugu kuwa sai ƙyamaren nan sun buɗe sun rufe.

Cikin ɗakunan da ƙyamaren duka an shafe su da wani tantani mai santsi ƙwarai, kamar yadda a kan yi wa rijiya shafen siminti. Muddin shafen nan lafiyayye ne, da wuya wani abu ya manne masa. Ga wani abin mamaki: ƙwayoyin cuta su kan shiga jinin kowannenmu a kai a kai ba mu sani ba. Wanda dasashinsa ke jini, ko tauna goro ya yi, ko goge baki da asawaki, 'yan ƙwayoyin da ke zaune a bakinsa su kan kutsa cikin jini. Cikin mintoci kaɗan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, tare da hanta da saifa, sun share su, ba wanda ya ji labari.

To, amma in ƙyaure yana da tabo, ko ya ƙanƙance, ko yana yoyo, sai jini ya riƙa wucewa da ƙarfi yana dukan wuri guda har shafen ya goge. Jiki ya kan yi ƙoƙarin like wurin da ɗan gudan jini. A kan wannan guda ne ƙwayar cuta mai wucewa ta ke samun abin kamawa. Da ta kama sai ta hayayyafa, wani gudan jini ya rufe ta, wasu ƙwayoyin su hau, a sake rufewa, har abin ya zama tsiro mai rauni yana reto a bakin ƙyaure, kamar gansakuka a bakin kwata. Masifar ita ce ƙyamaren zuciya kusan ba su da jijiyoyin jini na kansu, saboda haka dakarun jiki ba su da hanyar kai yaƙi cikin tsiron. Ƙwayoyin suna zaune cikin ganuwa, a tsakiyar gari, suna zuba zuriyarsu cikin jini dare da rana. Wannan shi ne zazzaɓin da ba ya ƙarewa.

Daga nan ɓarna hanya uku ta ke bi. Tsiron ya kan ci ƙyauren har ya huda shi ko ya tsinke igiyoyinsa, jini ya riƙa komawa baya, huhu ya cika da ruwa, mutum ya kasa kwanciya sai a zaune. Ko kuwa wani yanki na tsiron ya ɓalle, jini ya tafi da shi ya toshe wata jijiya: in ta ƙwaƙwalwa ce ɓarin jiki ya shanye, kamar yadda ya sami akawunmu, in ta saifa ce ko ta ƙoda a ji suka a kwiɓi, in ta ƙafa ce ƙafar ta yi sanyi ta mutu. Ta uku kuwa, doguwar gwagwarmayar da jiki ke yi da cutar ta kan raunana ƙoda har a ga jini a fitsari.

INA TABON YA SAMO ASALI?

A nan ne maganar ta shafe mu ƙwarai, ta kuma shafi malaman makaranta fiye da kowa. Waɗansu da taɓaɓɓen ƙyaure a ke haihuwarsu, ko da huda tsakanin ɗakunan zuciya. Waɗansu tsufa ne ke sa ƙyauren ya yi tauri. Amma a ƙasashen Afirka, har da namu, babban mai barin tabo ga yara da samari shi ne zazzaɓin gaɓoɓi, shi kuwa daga ciwon maƙogwaro ya ke farawa.

Ga yadda abin ya ke. Akwai wata ƙwayar cuta da a ke kira istireftokokas, wadda in an duba ta a madubin likita sai a ga tana jere kamar carbi. Wani iri nata ya kan kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15. Yaro ya yi zazzaɓi, haɗiya ta yi masa wuya, kaluluwar wuya ta kumbura, bayan 'yan kwanaki ya warke da kansa, kowa ya manta. Ga mafi yawan yara zance ya ƙare ke nan. Amma ga kaɗan daga cikinsu, bayan mako biyu ko uku, sai dakarun jiki su ruɗe, su kasa bambanta ƙwayar cutar da naman jikin mai su, su auka wa gaɓoɓi da zuciya. Sai a ga gwiwa ta kumbura yau, gobe ta saki idon sawu ya kama, jibi gwiwar hannu. Wani yaron kuma sai hannuwansa su riƙa fizga ba da nufinsa ba, rubutunsa ya lalace, ya riƙa yamutsa fuska, har malami ya ɗauka iskanci ne ya kai masa bulala, alhali kuwa ciwo ne. Gaɓoɓin su kan warke sarai. Zuciya ce ba ta mantawa. Duk sa'ad da zazzaɓin ya komo sai ya ƙara wa ƙyaure tabo, musamman ƙyamaren nan biyu na hagu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu irin wannan tabo a zuciya sun haura miliyan 40, kuma yana kashe fiye da mutum dubu 300 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashen talakawa, inda a ke kwana da yawa a ɗaki guda. A shekarar 2018 babban taron hukumar ya zartad da ƙuduri musamman a kansa. Abin takaici kuwa, allurar fenisilin guda ɗaya, ko ƙwayarsa ta kwana 10, a lokacin da maƙogwaro ke ciwo, ita ke tare wannan doguwar hanya tun daga bakinta. A wurare da dama in yaro ya cika ciwon wuya sai a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Ban ga abin da wannan zai tsinana ba. Ƙwayar cutar tana nan daram, an kuma buɗe mata sabon rauni a wurin da ta ke zaune.

ZAMANIN DA BA MAGANI

Wanda ya fara tattara bayanin cutar nan wuri guda shi ne William Osler, mutumin Kanada, cikin laccoci uku da ya yi wa manyan likitocin Landan a shekarar 1885. Har yau da sunansa a ke kiran waɗansu 'yan ƙuraje masu zafi da ke fitowa a kan yatsun masu cutar, su yi kwana ɗaya ko biyu su ɓace. Likitocin wancan zamani sun ƙware wajen lura, gama lura kaɗai ke gare su. Suka rubuta jajayen ɗigo-ɗigo a fata da cikin fatar ido, da siraran layukan jini a ƙarƙashin farce kamar sartse ya shiga, da jajayen tabo marasa zafi a tafin hannu da na ƙafa, da kumburin saifa, da kan yatsu da ke yin gwaɓi kamar makaɗin ganga. Suka koyi sa abin sauraro a ƙirji su ji wani huci da ba a ji a lafiyayyar zuciya, su kuma lura in hucin ya sake murya daga mako zuwa mako.

Cikin shekarun farko na ƙarni na 20 aka iya shuka jini a kwalba a ga abin da zai tsiro. Wani likitan Jamus, Hugo Schottmüller, ya nuna cewa mai yin cutar a hankali wani istireftokokas ne da ke zaune a bakin kowa, a 1910 ya ba ta suna mai ma'anar cuta mai tafiyar hawainiya. Sai dai sanin sunan maƙiyi bai ba su makami ba. A watan Fabrairu na 1911 wani shahararren mai tsara kiɗa, Gustav Mahler, ya kwanta da zazzaɓi a birnin Nuyok. Tun 1907 an gaya masa ƙyauren zuciyarsa ba daidai ya ke ba. Aka kira Emanuel Libman, wanda ya fi kowa sanin cutar a Amurka, aka ɗebi jini, ƙwayar ta tsiro. Aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Faransa, daga can zuwa Biyena, ya mutu ran 18 ga Mayu yana da shekara 50. Kuɗi da suna da manyan likitocin nahiya biyu ba su ƙara masa ko wata guda ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wani ɗalibin likita na Jami'ar Habad, Alfred Reinhart, wanda ya yi zazzaɓin gaɓoɓi yana yaro, ya kuma san abin da ke jiran mai irin zuciyarsa. A 1931 ya ga jajayen ɗigo sun fito masa a hannu, nan take ya gane, ya gaya wa danginsa kwanakinsa sun kusa. Ya zauna yana rubuta abin da ya ke ji daki-daki har ƙarfinsa ya ƙare, ya mutu cikin shekarar. Malaminsa, Soma Weiss, shi ya shirya rubutun aka buga a 1942.

A lokacin da yaron nan ke rubutu, maganinsa yana nan a duniya. Alexander Fleming ya riga ya gano fenisilin a Landan tun 1928, sai dai ba a iya tace shi ba sai da Howard Florey da Ernst Chain suka yi a Oksfod wajen 1940. Da fari ma an gwada shi ga masu cutar nan ya kasa, domin kaɗan a ke ba su, na 'yan kwanaki, zazzaɓi ya sauka, a daina, ya komo. A 1944 Leo Loewe da abokan aikinsa a Nuyok suka ba da labarin mutum 7 da suka warke da aka ba su shi da yawa. Bayan haka gwaje-gwajen da Ronald Christie ya shugabanta a asibitocin Ingila suka tabbatad da cewa daɗewar magani ita ce kan gaba: ƙwayar da ke cikin ganuwa ba a cinta da hari guda, sai da zaman dirshan. Tun daga nan cutar da ba ta barin kowa ta zama mai warkuwa.

A FARA ƊIBAR JINI

Wannan darasi na daɗewa shi ne har yau a ke bi. Mai cutar nan ya kan sha allura ta jijiya mako 4 zuwa 6, galibi a kwance a asibiti. Wani gwaji da aka yi a Danmak kan mutum 400, wanda aka bayyana a 2018, ya nuna waɗansu da jikinsu ya daidaita suna iya ƙarasawa da ƙwaya, amma likita ne ke zaɓen wanda ya cancanta, bayan an fara da allurar.

Wane magani za a ba shi? Sai an san ƙwayar. Don haka a kan ɗebi jini sau uku daga wurare dabam-dabam, a zuba a kwalabe masu abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa biyar, a ga abin da ya tsiro, a kuma gwada maganin da ke kashe shi. A nan ne kafson abokin akawunmu ya yi ɓarna. Bai isa ya kashe abin da ke cikin tsiron ba, amma ya isa ya share na cikin jini na 'yan kwanaki, sai a shuka jini kwalba ta fito fayau. Likita ya rasa abin kamawa, ya shiga harbi cikin duhu. Babban dalilin da ke sa a rasa ƙwayar a kwalba ke nan, ko'ina a duniya, balle a inda kowa ke iya shiga kemis ya sayi kafso huɗu kamar mai sayen alewa.

Abu na biyu shi ne hoton zuciya na amsa-kuwwa, dabarar da Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara a Suwidin a 1953. A kan ɗora wani abu a ƙirji, ko a zura shi ta maƙoshi, ya aika da sauti ya komo, a ga ƙyamaren suna motsi a allo, a ga tsiron yana lilo, har a auna tsawonsa. A 1994 likitocin Jami'ar Duke ta Amurka suka haɗa sakamakon kwalba da na hoto da sauran alamu suka yi ma'auni, aka gyara shi a 2000, aka sake a 2023. In ƙyaure ya lalace ƙwarai, ko magani ya kasa, ko tsiron ya yi girman da a ke tsoron ɓallewarsa, sai fiɗa: a gyara ƙyauren ko a sa na ƙarfe ko na naman dabba. Tun 1960 a ke sa ƙyauren ƙira, a manyan asibitocin Turai kuwa kusan rabin masu cutar nan sai an yi musu aiki. A wajenmu wuraren da ke wannan aiki kaɗan ne, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin albashin akawu nesa ba kusa ba.

Kada mai karatu ya zaci an gama da ita. Ko a asibitocin da suka fi kayan aiki, wajen mutum 1 cikin 5 ba ya fita da rai. Dalili kuwa cutar ta sake kama. A ƙasashe masu arziki zazzaɓin gaɓoɓi ya ja baya, sai ta koma kan tsofaffi, da masu ƙyauren ƙira, da waɗanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, da masu wankin ƙoda, da masu yi wa kansu allurar kayan maye, su kuwa ƙyauren dama ta fi kama musu. Ƙwayar da ke kan gaba a can yanzu ita ce istafilokokas, mai curewa kamar nonon dabino, wadda ke zaune a fata tana kawo maruru. Ita ba ta tafiyar hawainiya. Tana iya kama ƙyaure lafiyayye ta cinye shi cikin mako guda ko biyu, da zazzaɓi mai zafi da makyarkyata. Duk abin da ke huda fata da ƙazanta ƙofa ce gare ta: allurar mai yawo da jaka a kasuwa, askar da ba a tafasa ba, robar ƙarin ruwa da aka bari ta daɗe a hannu.

ABIN DA KE HANNUNMU

Malami yana ganin yara fiye da yadda likita ke ganinsu. Yaron da ya zo da zazzaɓi da ciwon haɗiya, musamman in ba mura ba tari, a tura shi asibiti a ranar. Wanda gaɓoɓinsa ke kumbura suna kaura, ko mai fizgar hannu, ko wanda ya kan tsaya yana haki sa'ad da 'yan'uwansa ke guje-guje, a kira ubansa a gaya masa a auna ƙirjin yaron. In an tabbatar zazzaɓin gaɓoɓi ne, za a sa shi kan allurar fenisilin mai daɗewa duk mako 3 ko 4, shekaru masu yawa, wani har ya kai 21, wani 40, wani iyakar ransa, gwargwadon tabon. Allurar tana da zafi, yara su kan gudu, iyaye su kan gaji da yake yaro ga shi garau. Malamin da ya rubuta ranar allura a gefen rajista ya riƙa tunawa ya yi aikin da ba a biya shi ba. Ya kamata a gane cewa wannan allura zazzaɓin gaɓoɓi ta ke hanawa ya komo, watau tana tsare ƙyaure daga sabon tabo, ba ta hana ƙwayar baki sauka a kan tsohon.

Shi kuwa baligin da aka taɓa gaya masa yana da huci a zuciya, bakinsa shi ne abin tsaronsa na fari. A da, tun daga 1955, likitocin Amurka su kan ba duk mai taɓaɓɓen ƙyaure maganin rigakafi kafin a cire masa haƙori. A 2007 suka taƙaita shi ga waɗanda suka fi shiga haɗari, kamar mai ƙyauren ƙira da wanda cutar ta taɓa kamawa, a 2008 Ingila ta ƙara taƙaitawa. Hujjarsu ita ce ƙwayoyin da ke shiga jini kullum daga ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini sun fi na cirewar rana ɗaya yawa. Saboda haka a goge baki safe da dare, a kai kogon haƙori a cike tun bai yi ruwa ba, in za a taɓa haƙori kuma a gaya wa mai aikin halin da zuciya ke ciki, shi ya san abin da ya dace. Mace mai irin wannan zuciya ta faɗa tun zuwanta awon ciki na farko.

In kuwa zazzaɓi ya kama irin wannan mutum ya wuce mako guda, an gwada jini ba a ga na sauro ba, ko an sha maganinsa bai saki ba, kada ya karɓi kafson kowa. Ya je babban asibiti da takardunsa, ya ce da bakinsa yana da tabo a ƙyauren zuciya, ya roƙi a shuka jininsa kafin a ba shi magani. In ya riga ya sha wani abu, ya tafi da kwalinsa a aljihu, ya faɗi ranar da ya fara da ranar da ya daina.